Lang Ping: Shin gwanintar fili ce ke haifar da gwanin koci a ƙwallon raga?

A watan Oktoban 2024 hukumar ƙwallon raga ta Amurka ta ɗauke koci Karch Kiraly daga kan tawagar mata, ta damƙa masa ta maza. Cikin abin da ake faɗa game da shi har da cewa shi ne mutum na biyu a ƙwallon raga da ya ci lambar zinare ta Olamfik yana ɗan wasa, ya kuma dawo ya ci yana babban koci. Wanda bai saba bin wasan ba sai ya tambaya, to wane ne na farko? Mace ce, Lang Ping ta ƙasar Sin, wadda ta ci a Los Angeles a 1984 tana cikin fili, ta sake ci a Rio a 2016 tana tsaye a gefensa.

Tun 1964 ake buga ƙwallon raga a Olamfik, maza da mata, amma su biyun nan ne kaɗai suka haɗa wannan da wancan. Tarihin Lang Ping kuwa cike yake da abubuwan da ke ɗaure wa mai karatu kai. Ta jagoranci Amurka ta doke ƙasarta a babban birnin ƙasarta. Tawagarta ta sha kashi sau uku a Rio, amma ta koma gida da zinare. Bayan shekara biyar, da yawancin jigajigan da suka yi wancan aiki, ta kasa fita daga rukuni. Sai an san yadda wasan yake da yadda ya sauya kafin a gane waɗannan abubuwa.

## Abubuwan da ya kamata a fara sani

Filin ƙwallon raga mita 18 ne a tsawo, mita 9 a faɗi, raga ta raba shi biyu. Tsayin ragar mata mita 2.24 ne, na maza 2.43. Kowane ɓangare mutum shida ne, kuma sau uku kawai aka yarda su taɓa ƙwallo kafin ta tsallaka. Galibi taɓawar farko ta karɓa ce, ta biyu ta mai ɗagawa ce, wato wadda ke saita ƙwallo a sama, ta uku kuma ta mai duka ce, wadda ke tashi sama ta maka ƙwallon ƙasa a ɓangaren abokan karawa. Lang Ping mai duka ce, kuma ƙarfin hannunta ne ya sa 'yan ƙasarta suka yi mata laƙabi da Gudumar Ƙarfe.

Ana buga wasa turmi-turmi, wanda ya riga cin turmi uku shi ya yi nasara. A yau turmi maki 25 ne, na biyar kuma 15, tare da sharaɗin tazarar maki biyu.

Akwai kuma manyan gasanni uku da mutane kan cakuɗa. Akwai Olamfik. Akwai Gasar Zakarun Duniya, wadda ake bi ta rukuni har zuwa wasan ƙarshe. Sai Kofin Duniya, wanda a baya aka daɗe ana yi a Japan, inda kowace tawaga kan kara da sauran a tara sakamako. Idan aka ce Sin ta ci kambu biyar a jere, ana nufin waɗannan ukun ne a haɗe.

## Zamanin Gudumar Ƙarfe

An haifi Lang Ping a Tianjin ranar 10 ga Disamban 1960, ta tashi a Beijing. Tana 'yar shekara goma sha uku ta shiga makarantar wasanni, a 1978 kuma koci Yuan Weimin ya kira ta tawagar ƙasa. Tsawonta mita 1.84.

Horon da ta tarar yana da asali. Tawagar matan Japan ce ta ci zinaren farko a 1964 ƙarƙashin Daimatsu Hirobumi, mutumin da ya yi suna wajen horo mai tsanani, inda 'yan wasa ke kwashe sa'o'i suna faɗuwa ƙasa suna mirginawa don ceto ƙwallo. A 1965 Firaminista Zhou Enlai ya gayyace shi ya horar da 'yan wasan Sin. Wannan tafarki na maimaita abu ɗaya har jiki ya haddace shi ne aka ci gaba da bi a sansanonin horo irin na Zhangzhou.

Sakamakon ya fito a watan Nuwamban 1981 a Osaka, inda Sin ta doke Japan da ci 3-2 ta ɗauki Kofin Duniya ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba. A 1982 ta ci Gasar Zakarun Duniya a Peru. A 1984 Amurka ta doke ta a rukuni, suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe Sin ta rama da ci 3-0. Sai Kofin Duniya na 1985, sai Gasar Zakarun Duniya ta 1986, wadda Lang Ping ta halarta a matsayin mataimakiyar koci. Adalci ne a ambaci cewa Tarayyar Sobiyat da Kuba sun ƙaurace wa gasar Los Angeles, sai dai sauran kambun huɗu an ci su ne manyan ƙasashen wasan suna nan.

Nauyin waɗannan nasarori ya wuce na wasa. Ƙasar ta fito daga rikicin Juyin Al'adu a 1976, ta fara buɗe ƙofofinta a 1978, kuma tana neman abin da za ta nuna wa duniya da kanta. Hukumomi suka riƙa kiran ma'aikata da ɗalibai su yi koyi da tawagar mata. Daga nan Lang Ping ta tashi daga 'yar wasa ta zama alamar ƙasa, kuma wannan matsayi ne zai zame mata kaya a 2008.

## Shekarun da ba a cika ba da labarinsu ba

Hanyar da aka saba ga gwarzon ɗan wasa a Sin a lokacin ita ce muƙami a hukumar wasanni. Shi kansa Yuan Weimin ta nan ya bi har ya shugabanci hukumar wasanni ta ƙasa. Lang Ping ta ƙi wannan hanya. A 1987 ta tafi Amurka, ta koyi Turanci, ta yi karatun harkar gudanar da wasanni a Jami'ar New Mexico, tana kuma taimaka wa kocin tawagar jami'ar. Wadda duniya ta sani ta koma tana jefa wa ɗalibai ƙwallo. Daga baya ta je Modena a Italiya ta buga wasan kuɗi, a 1990 kuma aka sake kiranta gida ta buga Gasar Zakarun Duniya, inda Sin ta zo ta biyu a bayan Tarayyar Sobiyat.

A 1995 aka ba ta tawagar ƙasa karon farko, bayan da tawagar ta yi rauni. Ta kai ta wasan ƙarshe a Atlanta a 1996, ta sake kai ta a Gasar Zakarun Duniya ta 1998, kuma duk biyun Kuba ce ta tare ta. Ta ajiye aikin saboda rashin lafiya, ta koma Italiya, inda ta ci gasar ƙasar da kulob ɗin Modena, ta kuma horar da kulob ɗin Novara da na Jesi.

A daidai wannan lokaci wasan da ta gwanance a kai ya sauya kama. A zamaninta turmi maki 15 ne, kuma ɓangaren da ke da bugun farawa ne kaɗai ke iya samun maki. Idan mai bugun ya yi kuskure, bugun kawai ya rasa, allo bai motsa ba. Wasa na iya jan sa'o'i, wanda ya fi juriya shi ke da riba. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar duniya, FIVB, ta koma tsarin da kowace ƙwallo ke ba da maki ga wanda ya ci ta, musamman don tashoshin talabijin su iya sanin tsawon wasa. A 1998 kuma aka shigo da libero, mai tsaron baya da ke sa riga daban, wanda ke shiga ya fita ba tare da an lissafa shi cikin canji ba, amma ba a yarda ya doki ƙwallo daga saman raga ba.

Tasirin waɗannan dokoki a kan koci babba ne. Kuskure uku a jere yanzu maki uku ne, babu lokacin farfaɗowa a hankali. Dogayen 'yan wasan tsakiya sun samu mai karɓar musu aikin baya, don haka aka ƙara neman tsawo da ƙwarewa a gurbi guda. Kocin zamani yana da canji shida a turmi da hutun shawara biyu, a bayansa kuma akwai mai kwamfuta da ke lissafa inda kowace 'yar wasa ke kai dukanta. Wannan ba wasan 1984 ba ne. Lang Ping ta koye shi ne a kulob-kulob ɗin Italiya, mako bayan mako, da 'yan wasa daga ƙasashe daban-daban waɗanda ba za a tsawata musu da sunan kishin ƙasa ba.

## Beijing 2008: cin amana ko sana'a?

A 2005 ta karɓi tawagar matan Amurka. A gasar Olamfik ta Beijing sai ƙuri'a ta haɗa Amurka da Sin a rukuni ɗaya, Amurka ta yi nasara da ci 3-2. Kocin Sin a ranar, Chen Zhonghe, tsohon abokin aikinta ne, ya yi mata mataimaki a shekarun 1990. A ƙarshe Brazil ta ɗauki zinare, Amurka azurfa, Sin tagulla.

Ta fuskar doka babu wata matsala. Sharaɗin zama ɗan ƙasa a Olamfik ya shafi mai fafatawa ne, bai shafi koci ba. Muhawarar ta ɗabi'a ce. Masu suka a Sin sun ce ƙasa ce ta raine ta tun tana yarinya, ta ciyar da ita, ta horar da ita da dukiyar jama'a, don haka bai kamata ta kai wannan ilimi ga abokan hamayya ba, balle a gasar da ake yi a gida. Wannan hujja ba ta banza ba ce a tsarin da gwamnati ke ɗaukar nauyin ɗan wasa tun daga makaranta.

Masu kare ta suka ce horarwa sana'a ce da ke tsallaka iyaka, kuma ita kanta Sin da kocin Japan ta fara gina wasanta. Wasu ma sun ɗauki abin a matsayin abin alfahari, a ce Amurka ta nemi 'yar Sin ta koya mata. 'Yan kallo a Beijing sun yi mata tafi. Abin da ya biyo baya ya ƙarfafa ɓangare na biyu, domin ilimin da ta tara a waje gida ya dawo. Bayan ɗan zama a Turkiyya ta koma Sin a 2009 ta karɓi kulob ɗin Guangdong Evergrande.

## Yadda aka sha kashi sau uku aka ci zinare

A Landan a 2012 Japan ta fitar da Sin a kwata fainal. A watan Afrilun 2013 aka sake ba Lang Ping tawagar, kuma a wannan karon ta nemi a sakar mata mara wajen zaɓen 'yan wasa da ma'aikata. Ta faɗaɗa adadin waɗanda ake kira sansani maimakon dogaro da mutum shida ko bakwai a kowace gasa, ta kuma kawo ƙwararrun motsa jiki da masu kula da rauni daga waje. Farkon bai yi daɗi ba, domin a gasar Asiya ta 2013 Sin ta zo ta huɗu. Amma a nan ne ta fara gina tawaga a kan matasa, musamman Zhu Ting, 'yar manoma daga lardin Henan mai tsawon mita 1.98. A 2014 suka zo na biyu a duniya a bayan Amurka ta Kiraly, a 2015 suka ci Kofin Duniya.

A Rio ƙasashe 12 ne aka raba rukuni biyu, huɗun farko a kowane rukuni su wuce. Holan da Sabiya da Amurka duk sun doke Sin, ta tsallake a matsayi na huɗu. Dokar ta ce na huɗu ya kara da na ɗaya na ɗaya rukunin, wato Brazil, mai masaukin baƙi, mai riƙe da zinaren 2008 da 2012, wadda ba ta rasa ko turmi ɗaya ba a rukuni. Brazil ta cinye turmin farko da 25-15 a gaban jama'arta a zauren wasa na Maracanãzinho.

A nan ne aikin shekara uku ya bayyana. Lang Ping ta juya benci, ta shigo da 'yan wasan da ba su fara ba, ciki har da Liu Xiaotong, waɗanda suka saba da manyan wasanni saboda an daɗe ana gwada su. Sin ta ci turmi na biyar da 15-13. A wasan kusa da na ƙarshe ta rama a kan Holan da 3-1, a wasan ƙarshe kuma Sabiya ta ci turmin farko, Sin ta cinye ukun da suka biyo. Zhu Ting ce ta zama gwarzuwar gasar. Rashin nasara a rukuni ba ya bin tawaga zuwa matakin sili ɗaya ƙwale, kuma kocin da ya yi amfani da wasannin rukuni ya gano lagon abokan karawa yana iya cin moriyarsa daga baya.

## Tokyo da tambayar da ta bari

A 2019 Sin ta sake cin Kofin Duniya da nasara 11 cikin wasa 11. Sai annobar korona ta ɗage Olamfik zuwa 2021. A Tokyo Turkiyya da Amurka da tawagar Rasha suka doke ta a jere, ta ƙare a matsayi na tara. Lang Ping ta ɗauki laifin a kanta, ta sauka daga kujerar.

An yi wa wannan faɗuwa fassara biyu. Ta farko ta ce ƙaddara ce: Zhu Ting na fama da ciwon wuyan hannu, kuma tawagar ta daɗe a killace ba ta buga manyan wasanni da ƙasashen waje ba. Ta biyu ta ce kocin da ta yi suna da faɗaɗa tawaga ta koma dogaro da 'yan wasa ƙalilan da kuma hannun mutum ɗaya, don haka da hannun ya samu matsala babu wata dabara ta biyu. Fassarorin ba sa kore juna. Ciwon gaskiya ne, kuma rashin madadi aikin koci ne.

## Gwanin fili da gwanin benci

Masu goyon bayan naɗa tsofaffin taurari suna cewa tauraro na da kwarjini. Idan wadda ta taɓa tsayawa a wasan ƙarshe na Olamfik ta ce wa yarinya ta kwantar da hankalinta, maganar na da nauyi. Sunan kuma na ba shi ƙarfin yin ciniki da hukuma, kamar yadda Lang Ping ta yi a 2013. Da wuya a ce kocin da ba a sani ba zai samu irin wannan 'yanci, ko a yi masa haƙuri bayan ya zo na huɗu a Asiya.

Masu ja da wannan ra'ayi suna cewa baiwar tauraro a jikinsa take, kuma wanda abu ya zo wa da sauƙi ba lallai ya iya bayyana shi ga wanda bai zo masa ba. Suna da misalai masu ƙarfi. Julio Velasco ɗan Ajantina bai yi tashe a matsayin ɗan wasa ba, amma ya ci Gasar Zakarun Duniya da mazan Italiya a 1990 da 1994, ya kuma kai matan Italiya ga zinare a Paris a 2024, inda ya doke Amurka ta Kiraly. Chen Zhonghe ya shafe shekaru yana abokin atisayen tawagar mata, yana kwaikwayon dukan abokan hamayya don su saba, kuma shi ya ci wa Sin zinaren Athens a 2004. Manyan kociyoyin Brazil biyu, José Roberto Guimarães da Bernardo Rezende, masu ɗaga ƙwallo ne a zamaninsu, gurbin da aikinsa shi ne karanta fili da raba ƙwallo.

Idan aka auna da tarihin Lang Ping, hujjar ɓangare na biyu ta fi nauyi, ko da yake ita tauraruwa ce. Shekara 32 ne tsakanin zinarenta na farko da na biyu, shekara 21 kuma tsakanin ranar da ta fara riƙe tawagar ƙasa da ranar da ta ci zinare da ita. A tsakani ta yi mataimakiya, ta yi karatu, ta yi aiki a ƙasashe huɗu, ta rasa wasan ƙarshe na Olamfik sau biyu. Sunanta ya buɗe mata ƙofa, abin da ta yi a ciki kuwa koyonsa ta yi. Shi ma Kiraly sai da ya yi mataimaki ga Hugh McCutcheon, kocin tawagar matan Amurka na lokacin, har zuwa 2012 kafin a ba shi tawaga.

## Abin da wannan ke nufi ga sauran jama'a

Ga yaro ko yarinyar da ke son wasan, da iyayensu, abu na farko shi ne lafiyar jiki. Tsalle dubbai a shekara yana cin gwiwa da kafaɗa da ƙugu. An yi wa Lang Ping tiyata sau da yawa, kuma ba abin mamaki ba ne da ta dawo ta sa masu kula da rauni a sahun gaba. Iyaye na da haƙƙin tambayar kowace makarantar wasanni yadda take auna nauyin horo da yadda take kula da wanda ya ji ciwo. Dokar libero kuma ta buɗe ƙofa ga wanda ba shi da tsawo amma yana da saurin ƙafa da ido.

Ga ɗan wasan da ya kusa ritaya, mafi yawansu ba su da sunan da zai kai su kujerar tawagar ƙasa. Hanyarsu ita ce kwasa-kwasan horarwa da FIVB da hukumomin ƙasashe ke gudanarwa mataki-mataki, da fara aiki da ƙananan tawagogi. Ga hukumomi kuma, naɗa tauraro na kawo 'yan kallo da masu tallafi nan take, amma idan ba a ba shi lokaci da ikon zaɓen mutanensa ba, suna kawai aka saya.

Sai batun mata. Har yau yawancin masu horar da manyan tawagogin mata maza ne. A Tokyo, ban da Lang Ping, akwai Kumi Nakada ta Japan, wadda ta ci tagulla a 1984 tana ɗaga ƙwallo. Tawagogin su biyun ba su fita daga rukuni ba, duk sun bar aiki, kuma a ƙasashen biyu maza ne suka gaje su. A Sin Cai Bin ne ya karɓa a 2022, ya kai tawagar kwata fainal a Paris, inda Turkiyya ta fitar da ita da ci 3-2.